Fara da Maganin Feshi: Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Jikinta ke Karya Guba tun daga Ƙyanƙyasa har Girma

Duk shekara idan gero ya fitar da kai a yankin Kangiwa da Kamba da Augie, ko shinkafa ta ɗauki ciki a fadamun Argungu da Suru, duk a jihar Kabi, ƙorafi ɗaya ake ji a bakin manoma: an yi feshi, fara ba ta mutu ba. Wani ya ce maganin ne jabu, wani ya ce farar bana ce mai taurin rai. Jabun magani yana nan a kasuwa, ba a musu. Amma akwai wani dalili da yake cikin cikin farar kanta, kuma yana canzawa gwargwadon shekarunta, ko mu ce kwanakinta. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan, da amsoshinsu.

Wai da gaske fara tana iya narkar da guba a cikinta?

Da gaske ne, kuma ba don maganin feshi aka yi mata wannan baiwa ba. Tsirrai ba sa iya gudu, don haka da yawansu suna kare kansu da ɗaci da dafi a cikin ganye. Duk ƙwaron da abincinsa ganye ne, dole jikinsa ya san yadda zai yi da wannan dafin, in ba haka ba ba zai kai labari ba. Masu yin aikin su ne wasu sinadarai na furotin da jiki ke ƙerawa, waɗanda masana ke kira inzayim. Da mutum ya zo da maganin ƙwari, sai ya tarar fara tana da kayan aikinta tun tuni. Wasu daga cikin inzayim ɗin da ke karya dafin ganye su ne dai suke kama maganin feshi su lalata shi kafin ya isa jijiya.

Waɗanne ne waɗannan inzayim ɗin?

Manyan gidaje uku aka fi magana a kansu. Na farko sitokrom P450, mai cusa iskar oksijin a jikin guba don ya sauya mata kama. Na biyu estares, mai tsinka guba gida biyu a wata gaɓa ta musamman. Magunguna irin su malatiyon da deltametrin suna da wannan gaɓar. Na uku shi ne wanda ake taƙaita sunansa da GST, aikinsa ya ɗaura wa gubar wani sinadari mai suna gulutatayon don ta iya narkewa cikin ruwa. Akwai na huɗu, UGT, wanda shi sukari yake ɗaurawa.

Abin ya yi kama da aikin kaka a gonar gero: wani ya yanka, wani ya ɗaure dami, wani ya kwashe ya fitar daga gona. P450 da estares su ne masu yanka, GST da UGT masu ɗauri, sannan wasu furotin da ke bakin ƙwayoyin halitta su tura abin waje ya bi kashi ya fita. Dalilin duk wannan wahala shi ne yawancin magungunan ƙwari masu son mai ne, suna maƙalewa a kitse da jijiya. Sai an mai da su masu narkewa a ruwa jiki ke iya rabuwa da su.

A shekarar 2014 masana a ƙasar Sin suka wallafa cikakken tsarin gadon halittar wata fara mai ƙaura, wadda sunanta na kimiyya Locusta migratoria. Cikin abubuwan da suka gani har da yawaitar ƙwayoyin gadon da ke da alaƙa da karya guba.

A wane sashe na jikinta ake wannan aiki?

Ba ko'ina daidai ba. Wurare uku ne suka fi ɗaukar nauyin.

Tsakiyar hanji, tare da wasu 'yan jakunkuna shida da ke bakinta, ita ce ƙofar farko ga duk abin da fara ta ci. Idan ta ci ganyen da aka fesa, nan ne za a fara fafatawa. Sai kitsen ciki, wannan abu mai ruwan ɗorawa da ake gani idan an ɓare cikin fara, wanda masu cin soyayya suka san daɗinsa. Shi ne ke yi mata aikin da hanta ke yi mana: ajiyar abinci, ƙera furotin, da tace abin da ya shiga jini. Gubar da ta ratso ta fata, ba ta baki ba, da shi take fara haɗuwa bayan ta shiga jini. Na uku bututun Malfigi, wasu siraran zarurruka da ke fitowa daga mahaɗar tsakiyar hanji da ƙarshensa, suna yawo cikin jini suna tsotse datti. Su ne ƙodarta. Farin dango da ya girma yana da su fiye da 200, alhali sabon ƙyanƙyasa 'yan kaɗan gare shi, suna ƙaruwa ne a kowace saɓa.

Ana samun waɗannan inzayim a jini da fata da ƙwaƙwalwa da ƙahonnin sansana ma. Amma idan mutum ya niƙe fara gaba ɗayanta ya auna, lissafin da zai samu gauraye ne, ba zai nuna masa inda ainihin aikin yake ba.

Matakai nawa fara take bi kafin ta girma?

Uku: ƙwai, ƙarama marar fiffike, sai babba mai tashi. A wurin farin dango, mace tana tura bayanta cikin yashi mai laima ta binne ƙwai a dunƙule, zurfin santimita 10 zuwa 15. Idan da zafi, cikin kamar mako biyu sun ƙyanƙyashe. Ƙananan suna yin saɓa sau biyar, wani lokaci shida ga waɗanda suka tashi a warwatse, cikin kwana 30 zuwa 40. Saɓar ƙarshe ce ke ba su fiffike. Sabon mai fiffike a cikin dango launinsa ja-ja ne, idan ya isa haihuwa ya koma ɗorawa. Duka rayuwar wata uku zuwa biyar ce.

To me ya sa ake cewa ƙarama ta fi saurin mutuwa? Inzayim ɗinta ne bai kai ba?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, kuma amsarta ba ɗaya ba ce.

Abu na farko girman jiki ne, ba wani sirri. Sabon ƙyanƙyasa na farin dango nauyinsa bai wuce na ƙwayar shinkafa ba, babba kuwa yana kai giram biyu, wato kusan ninki ɗari. Ɗigon maganin da zai kashe ƙarami nan take, ga babba ɗanɗano ne. Ƙari a kan haka, ƙaramin jiki fatarsa tana da faɗi idan aka gwada da nauyinsa, don haka guba ta fi samun hanyar shiga.

Na biyu fata. Ta ƙarami siririya ce, ta babba mai kauri da tauri, magani yana daɗewa kafin ya ratsa. Wannan jinkiri yana da muhimmanci ƙwarai, domin inzayim ba ya iya cinye guba mai yawa a lokaci guda. Idan tana shigowa da kaɗan-kaɗan, sai ya riƙa karya ta tana zuwa, ba za ta taru ta kai adadin da zai kashe ba. Idan ta kwararo gaba ɗaya, ta fi ƙarfinsa.

Na uku shi ne inzayim ɗin kansa. Yayin da fara ke girma, hanjinta yana faɗaɗa, kitsen ciki yana taruwa, bututun Malfigi suna yawaita. Ko da ƙarfin inzayim a kowane ɗan yanki na tsoka bai canza ba, jimillar abin da jiki zai iya karyawa ta ƙaru nesa ba kusa ba. A ƙwari da dama kuma an ga ƙarfin kansa yana hawa a matakan ƙarshe kafin fiffike, lokacin da ci ya fi yawa.

Na huɗu kitse. Guba mai son mai tana iya shigewa kitsen ciki ta zauna, maimakon ta wuce jijiya. Babba mai ƙiba tana da rumbun ajiye ta, ƙarama ba ta da shi.

A ganina, masu rubutu da yawa suna ɗora komai a kan inzayim don sunan yana da kwarjini. Manomi bai buƙatar ya san wanne ya fi nauyi cikin dalilan nan huɗu, tunda duk wuri ɗaya suka nuna: makonni biyu ko uku na farko bayan ƙyanƙyasa su ne lokacin da magani kaɗan ke yin aiki mai yawa. A lokacin ma ba su da fiffike, suna cunkushe a wuri ɗaya, ba sai an bi su gona-gona ba.

Ke nan ƙarfin yana hawa ne kullum ba sauka?

A'a, hawa da sauka yake yi, ko a cikin mataki guda. Bayan saɓa fara ba ta ci nan da nan, sai fatarta ta bushe. Daga nan ci ya kankama, ya kai ƙololuwa a tsakiyar matakin, sannan ta daina ci idan wata saɓar ta gabato. Aikin inzayim na hanji yakan bi sawun cin nan: ya ɗaga lokacin da ganye ke shiga, ya lafa lokacin saɓa.

Wanda ya taɓa ganin fara tana saɓa ya san halin da take shiga. Takan maƙale a jikin kara kanta ƙasa, fatar bayan wuyanta ta tsage, ta zaro kanta a hankali, ta bar tsohuwar rigar tana reto. Jikin nan fari-fari ne, laushi tuɓus, fiffiken a cukurkuɗe har sai jini ya buɗe shi. A wannan ɗan lokaci ba ta da garkuwar fata. Sai dai ba a gina shirin feshi a kan haka, domin ba rana ɗaya dukan garken ke saɓa ba.

Akwai kuma abin da ke rikita lissafi. Ba duk estares ko P450 ne aikinsu guba ba. Wasu P450 su ne ke ƙera sinadarin da ke umartar jiki ya yi saɓa. Wani estares kuma aikinsa ya rushe sinadarin ƙuruciya a matakin ƙarshe don fara ta zama babba. Idan mai bincike ya ga estares ya ɗaga a wata rana, ba lalle ne hakan na nufin fara ta fi jure magani a ranar ba.

Babbar fa? Sabuwar fiffike da tsohuwa duk ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne. Sabuwar fiffike tana kwanaki tana ci ba ji ba gani don ta ƙarfafa fata da tsokar tashi, ta tara kitsen tafiya. Idan mace ta isa haihuwa, kitsen cikinta ya koma ƙera gwaiduwar ƙwai. Mace ta fi namiji girma, don haka yawanci takan buƙaci magani fiye da shi kafin ta faɗi. Amma babbar matsalar babba ba a cikinta take ba, a fiffikenta take: dango yana iya cin kilomita 150 a rana.

Malam, yaya ake auna abin da ido ba ya gani?

Da launi ake gane shi. Ana ɗauko fari waɗanda aka san ranar saɓarsu, a sa su a ƙanƙara su sandare. A kafe ɗaya a faranti, a tsaga cikinta da ɗan almakashi, a janye hanji da hantsaki, a wanke ganyen da ke ciki, a kankaro kitsen daban, a tsinko zarurrukan Malfigi daban. Kowanne a niƙe shi cikin ruwan magani mai sanyi, a juya a injin da ke wulwulawa har gari ya kwanta, a ɗebi ruwan sama. Sai a zuba masa wani sinadari da inzayim ɗin ke ci. Na estares, idan ya ci, ana ɗiga rini ruwan ya sauya launi, gwargwadon duhun launin gwargwadon ƙarfin aikin. Na GST sinadarin da aka fi amfani da shi ana ce masa CDNB, na'ura ce ke karanta sauyin. A ƙarshe a raba sakamakon da yawan furotin da ke cikin ruwan, don a iya gwada ƙarami da babba.

Sanyi shi ne ran aikin, musamman ga P450 da ke saurin lalacewa. Ɗalibin da ke shirin irin wannan bincike a Aliero ko Birnin Kabi, ya fara tanadin ƙanƙara da wutar da ba ta yankewa kafin ya fara kamun fara. Kuma ya kiwata su da kansa. Farar da aka kamo a daji ba a san kwananta ba, ba a san me ta ci jiya ba, sakamakonta ba ya nuna komai game da shekaru.

Idan inzayim ya yi yawa, ko yaushe fara ce ke cin riba?

Ba ko yaushe ba, kuma nan abin ya ba da sha'awa. Malatiyon da fenitrotiyon da kulofirifos, yadda suke a cikin kwalba, ba su cika dafi ba. Sai sun shiga jiki P450 ya taɓa su, ya cire sulfa ya sa oksijin, sannan su zama ainihin gubar da ke toshe inzayim ɗin jijiya mai suna asetilkolinestares. Da zarar an toshe shi, saƙon jijiya ba ya yankewa, sai karkarwa, sai shanyewa, sai mutuwa. Wato fara da hannunta take kunna gubar.

A lokaci guda kuma estares yana can yana tsinka malatiyon ɗin kafin a kunna shi. Tsere ne tsakanin biyun, wanda ya riga shi ke yanke hukunci. Mutum da dabbobi masu shayarwa suna da estares mai ƙarfi a hanta, shi ya sa malatiyon ya fi yi wa ƙwaro illa fiye da mu. An ce ya fi, ba a ce mu ba ya yi mana ba.

Na fesa da safe sun zube, da hantsi na ga wasu sun tashi. Me ya faru?

Mai yiwuwa maganin daga dangin fairetiroid ne, irin su lamda-saihalotrin da saifametrin da deltametrin, waɗanda suka cika shagunanmu. Suna bugar da ƙwaro cikin mintuna, amma idan abin da ya shige shi bai kai na kisa ba, estares da P450 suna samun sarari su share shi, ya farfaɗo. Wannan dangi kuma ƙarfinsa yakan ragu idan zafi ya ƙaru. Manya su suka fi farfaɗowa. Kafin ka zargi mai shago, duba ko ruwan ya yi yawa a gaurayen, ko bakin famfon yana zubar da manyan ɗigo, ko iska ta kwashe feshin.

Abin da fara ta ci yana canza juriyarta?

Yana canzawa. Wasu sinadaran ganye suna zaburar da jiki ya ƙara ƙera inzayim cikin sa'o'i ko kwanaki kaɗan. Maganin da bai kai na kisa ba shi ma yana iya yin haka.

Dubi abin da ke kewaye da mu. Tumfafiya, yawancin fari ba sa kusantarta, amma akwai wata mai zane-zane da ta mai da ita gida, tana cin ganyen tana ajiye dafin a jikinta don tsuntsu ya ƙyale ta. Wannan ba karya guba ba ne, adana ta ne. Farar itace da ke kwana a kan ƙaro da bagaruwa da aduwa tana jure tanin, sinadarin nan mai bauri da majema ke nema a 'ya'yan bagaruwa. Shi kuwa dogon yaro, a 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa dango ya cinye komai ya bar shi. A 1968 aka ware sinadarin da ke hana su ci, azadiraktin, wanda kuma ke dagula musu saɓa.

Farin dango ma halinsa na ci yana sauyawa. Wanda ke zaune shi kaɗai yana ƙin wasu tsirrai masu dafi na hamada, amma idan suka taru suka sauya launi sai su ci, dafin da ke cikinsu ya zama kariya daga masu farautarsu.

Farar da ke damunmu a Kabi ita ce farin dango?

Yawancin shekaru ba ita ba ce. Farin dango, Schistocerca gregaria, mazauninsa na damina yana can arewa, a wurare irin su Tamesna da Ayar a Nijar, da arewacin Mali da Muritaniya da Chadi. Sai an yi shekarar ruwa mai yawa a hamada yake taruwa ya fito, kamar annobar 1986 zuwa 1989, da ta 2003 zuwa 2005 wadda aka fesa wa kusan hekta miliyan 13. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa dangon da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya yana ɗauke da fari kusan miliyan 40, masu cin abincin mutum 35,000 a rana.

Namu na kullum 'yan gida ne. Akwai ƙaramar farar Sahel, Oedaleus senegalensis, wadda ƙwanta ke kwana a ƙasa duk rani, ya ƙyanƙyashe da ruwan farko, 'ya'yan su afka wa shukar gero tana tsiro, sannan a ƙarshen damina manya su dawo daga arewa su sami gero yana madara. Akwai Hieroglyphus daganensis mai son fadama da shinkafa da dawa, wadda ke haihuwa sau ɗaya a shekara. Tsarin inzayim ɗinsu iri ɗaya ne da na dango, ko da yake yawancin binciken a kan fari masu ƙaura aka yi shi. Kuma tunda a ƙasarmu suke ƙwai, mun fi samun damar riskarsu suna ƙanana.

Shin fara ta riga ta saba da magungunanmu ne, kamar sauro?

A bambance abu biyu. Ɗagawar inzayim na ɗan lokaci a jikin fara ɗaya daban, juriyar gado daban. Ta biyun tana samuwa ne idan aka yi ta fesa magani iri ɗaya shekara da shekaru, masu rauni su mutu, masu ƙarfin inzayim su rage su hayayyafa. An tabbatar da haka a ƙasar Sin, inda wasu garken fara mai ƙaura suka jure malatiyon, aka kuma danganta abin da ƙaruwar estares da GST. Ga sauron zazzaɓi a Najeriya ma abin ya tabbata, P450 yana cikin dalilan, shi ya sa ake raba gidan sauro mai ɗauke da ƙarin sinadarin PBO wanda ke toshe P450 ɗin.

Farin dango ba kowace shekara ake fesa masa ba, kuma garkensa suna cakuɗuwa daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka matsin bai kai na sauro ba. Inda ya kamata a sa ido shi ne fadamar da ake noma rani da damina, ana zuba magani ɗaya ba hutu.

To in ƙara murfi biyu a famfo, ko in haɗa magani biyu?

Kada ka yi. Ninka magani yana ƙona aljihu da ganye, yana kashe ƙudan zuma da ƙwarin da ke cin ƙwan fara, kuma mai goye da famfon shi ke fara shaƙa. Haɗa biyu ya fi haɗari, domin wani maganin yana toshe estares ɗin da ke kare kai kanka daga ɗayan.

An ga irin wannan a Pakistan a 1976. Malatiyon ɗin da aka ba ma'aikatan feshin sauro ya gurɓace da wani sinadari, isomalatiyon, mai toshe estares ɗin jikin mutum. Kimanin ma'aikata 2,800 suka sha guba, biyar suka rasu. Wannan gurɓata tana ƙaruwa idan magani ya daɗe a ajiye cikin zafi. Saboda haka kwalbar da ta sha rana a kan tebur a kasuwa, ko wadda aka ɗura a gorar ruwa ba takarda ba lambar NAFDAC, ka bar ta ko da kyauta ce. Abin da ya fi shi ne sauya dangin magani daga shekara zuwa shekara, da bin ma'aunin da ke jikin takarda.

Akwai maganin da inzayim ɗin ba ya iya masa?

Akwai wanda ya bi ta wata hanya dabam. Wani naman gwari mai suna Metarhizium acridum yana manne wa fatar fara, ya tsiro ya huda ta, ya cinye ta daga ciki. Wani shirin bincike na ƙasa da ƙasa mai suna LUBILOSA da aka fara a 1989 ne ya mai da shi magani mai suna Green Muscle, kuma asalin irin daga jikin wata fara aka samo shi a Nijar. Fara da danginta kawai yake kamawa. Aibinsa jinkiri: mako ɗaya zuwa uku, kuma farar da ta kamu takan shanya kanta a rana don jikinta ya yi zafi ya rage masa gudu. Ga ƙanana da ke daji ba su iso gona ba, ya dace. Ga dangon da ya sauka a kan gero yau, bai dace ba.

Akwai kuma masu hana sabuwar fata ƙulluwa, irin su diflubenzuron da teflubenzuron. Ƙarama ta ci, ta zo saɓa, ta kasa fita. Babba da ta gama saɓa ba ruwanta da su.

Tunda jikinta yana karya guba, ana iya cin farar da aka fesa wa magani?

Ko kusa. Farar da ta mutu da feshi ita ce wadda gubar ta fi ƙarfin inzayim ɗinta, ke nan tana nan a jikinta. Wadda ta tsira ma tana iya ɗauke da saura a kitse da hanji da fata. Tafasawa da shanyawa da suya da yaji ba su da tabbacin kawar da ita. Fara halal ce, abinci ce mai furotin, sana'a ce ta mata da yawa, amma a kamo ta da hannu da asuba lokacin da sanyi ya hana ta tashi, a wurin da aka tabbatar ba a yi feshi ba. Wanda ya tsinci fari a zube birjik a ƙasa ba dalili, kada ya kwasa.

A kula da yara musamman. Jarirai da ƙananan yara inzayim ɗinsu mai karya irin wannan guba bai kai na manya ba. Idan bayan ci ko feshi aka ga dalalar miyau, gumi, amai, zawo, ƙanƙancewar ƙwayar ido ko sarƙewar numfashi, a tafi asibiti nan take tare da kwalbar maganin in akwai. Kada a tsaya ɗura manja ko madara, kada a sa shi amai da gangan. Akwai allurar atirofin da likita ke bayarwa.

Kifi da dabbobi fa?

Kifi ba ya iya karya dangin fairetiroid da sauri, kaɗan ya isa ya kashe shi. A ƙasar da ake taƙama da Matan Fada, gulbin da ake gasar kamun kifi ta Argungu, bai kamata a ga mai wanke famfon feshi a gulbi ko tafki ba. A bar tazara tsakanin inda ake feshi da bakin ruwa. A sanar da makiyaya, a hana dabbobi shiga har kwanakin da takardar maganin ta faɗa su cika. Kaji da zabi ma a tsare su, don su ne ke rige-rigen tsintar matattun.

A taƙaice, yaushe zan fita da famfo?

Aikin yana farawa tun kafin famfo. Ka lura da inda manya suka taru a ƙarshen damina, gefen gona da saura da tudun yashi, domin nan suka binne ƙwai. Kaftu ko huɗa da rani yana tono wasu rana da tsuntsaye su gama da su. Bayan ruwan shuka, ka riƙa zagaya waɗannan wurare duk bayan kwana biyu ko uku. Da ka ga ƙanana suna tsalle a gaban ƙafarka da yawa, lokaci ya yi, kuma sau da yawa gefen gonar kaɗai za ka fesa, ba dukanta ba. Ka fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, ba da tsakar rana ba lokacin da zafi ke ɗaga feshi sama. Iska ta kasance tana kaɗawa a hankali, kana tafe tana ɗauke feshin daga jikinka, da doguwar riga da takalmi da abin rufe hanci. Ku haɗa kai da maƙwabtan gona ku yi rana ɗaya. Idan kuwa abin da ka gani garke ne mai tafiya gaba ɗaya ta fuska guda, masu launin baƙi da ɗorawa, ko dango a sama, wannan ya wuce famfon goyo: a sanar da mai unguwa da malamin gona, su kai maganar ga KARDA, wato hukumar raya noma da karkara ta jihar Kabi, da ma'aikatar gona a ranar, tare da sunan wurin da girman farin da inda suka dosa.